Darasi: Ciwon Mahaifar Goɗiya da Gwajin da Ake Yi Kafin a Ba da Magani

Goɗiya mai lafiya takan nemi ingarma kusan duk bayan kwana 21, kuma neman yakan ɗauki kwana 5 zuwa 7. In an kai ta barbara sau biyu ko uku ciki bai shiga ba, kada a yi saurin cewa juya ce. Sau da yawa ciwo ne a bangon mahaifa. Wata za a ga farin ruwa ko mugunya na fita daga farjinta, yana manne gashin wutsiya. Wata kuwa tana ci tana sha, ba zazzaɓi, ba alamar komai.

Kowace barbara tana shigar da ƙwayoyin cuta cikin mahaifa. Wannan ba abin tsoro ba ne, domin mahaifa mai ƙarfi tana matsewa ta fitar da dattin cikin kwana ɗaya ko biyu. Ɗan tayi ba ya saukowa mahaifa sai wajen kwana na 6 bayan fitar ƙwai, don haka yakan tarar da wurin a share. Matsala tana ga tsohuwar goɗiya, da wadda ta haihu da yawa, da wadda bakin farjinta ya saki har iska da kashi ke shiga. Ita ruwan yakan kwanta mata, ƙwayoyin su hayayyafa, ɗan tayin ya mutu.

Sunan ƙwayar cuta bai isa ba

Wadda aka fi samu ita ce Streptococcus zooepidemicus, sai Escherichia coli da ke zuwa daga kashi. Akwai kuma Klebsiella pneumoniae da Pseudomonas aeruginosa, waɗanda ingarma kan iya yaɗa su daga wannan goɗiya zuwa waccan. Fenisilin yakan kashe ta farkon, amma sauran ukun galibi ba ya yi musu komai. Wanda ya yi allurarsa da ka, ƙila ya dace, ƙila ya yi asarar kuɗi da lokacin barbara.

Ko an san sunan ma, da sauran aiki. Ƙwayoyi masu suna ɗaya sun kasu zuriya-zuriya, kamar 'yan gida ɗaya da kowa ke da halinsa. Masana suna bambance su ta hanyar karanta ƙwayoyin gadonsu. Goɗiya biyu a barga ɗaya za su iya kamuwa da Escherichia coli, maganin da ya warkar da ta farko ya kasa taɓa ta biyun, saboda zuriyar da ke jikinta tana ɗauke da gadon bijire wa maganin. Abin da ya fi damun likitoci shi ne wannan gado ba daga uwa zuwa 'ya kaɗai yake tafiya ba. Ƙwayar cuta tana iya miƙa wa maƙwabciyarta, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Duk lokacin da aka ba da magani bai kai adadi ba, ko aka tsaya kwanaki ba su cika ba, masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin kai su gaje wurin.

Yadda ake gwajin

Aikin likitan dabbobi ne, kuma an fi yin sa lokacin da goɗiya ke neman ingarma, domin bakin mahaifa a buɗe yake. A naɗe wutsiya a ɗaure ta gefe, a wanke farji da sabulu da ruwa mai tsabta sau uku, a tsane. Likita zai sa doguwar safar hannu, ya shigar da tsinke mai auduga wanda ke cikin kube biyu, ba zai fito da kan audugar ba sai ya kai cikin mahaifa. In audugar ta taɓa farji a hanya, ƙwayoyin waje za ta kwaso, a yi ta maganin cutar da babu ita. Shi ya sa ake kuma duba abin da aka ɗebo a madubin likita: in ba a ga fararen ƙwayoyin jini masu nuna kumburi ba, a yi shakkar sakamakon. Samfurin ya isa ɗakin gwaji cikin sanyi, a ranar ko washegari.

A can za a shuka shi a faranti don ƙwayoyin cutar su tsiro, a ajiye a zafin digiri 37 na ma'aunin Salsiyos na awa 24 zuwa 48. Abin da ya tsiro sai a shimfiɗa shi a wani farantin, a jera ƙananan takardu masu magani iri-iri. Maganin da ke aiki zai bar fili kewaye da takardarsa, a auna faɗin da milimita. A takardar sakamako, S na nufin maganin yana kashewa, R ba ya kashewa, I kuma tsaka-tsaki. A jira. Kwana uku na haƙuri ya fi wata uku na lalube.

Kafin a zuba magani, a wanke mahaifa da ruwan gishirin asibiti mai ɗumi, lita ɗaya a kowane zubi, har ya riƙa fitowa garau, domin mugunya tana kashe ƙarfin wasu magunguna. Sannan allurar oksitosin ta sa mahaifa ta matse sauran ruwan. Maganin da gwaji ya nuna akan zuba shi kullum na kwana 3 zuwa 5. Jentamisin, ɗaya daga cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, yana da tsami, sai an gauraya shi da sinadarin da ke rage tsamin, in ba haka ba ya ƙone bangon mahaifa. Maganin enrofloksasin kuwa kada a kuskura a zuba shi ciki, yana yin mummunar ɓarna. Yawan maimaita magani kuma yana buɗe wa funfuna ƙofa, wanda ya fi wuyar warkewa.

In ciwon ya dawo bayan an yi komai daidai, a duba ƙofar da yake shigowa. Goɗiyar da bakin farjinta ya saki, likita zai ɗinke saman wurin, a kwance ɗinkin kafin haihuwa. Ingarman ma a gwada shi kafin a sake kai masa wata.