Share tsofaffin bincike daga lambar katsewa ta Linux

Katsewa (interrupt) ita ce alamar da na'ura ke aika wa kanel, wato zuciyar Linux, don a kula da ita; a lambar (code) da ke karɓarta kuwa akwai tsofaffin bincike (checks) da ba su da sauran amfani. Kafin ka goge layi ɗaya, tambayi tarihin lambar a git. git blame zai nuna maka ranar da aka sa binciken, git log -S kuma ya fito da dalilin. In ba ka ga dalilin ba, bar shi inda yake.

Wasu sun daɗe da mutuwa. Tutar IRQF_DISABLED ta daina aiki tun Linux 2.6.35 a 2010, lokacin da kanel ta fara kiran kowane mai karɓar katsewa da katsewa a rufe, aka kuma cire ta ɗungurungum a 4.1 a 2015. Haka binciken ko dev_id, alamar da ke bambanta na'ura, fanko ne (NULL): a layin katsewar da na'urori da yawa ke rabawa, request_irq, wadda ke rajistar mai karɓar katsewa, ba ta ma karɓarsa fanko, sai ta mayar da -EINVAL. Saƙon kuskure bayan platform_get_irq, wadda ke samo lambar katsewar na'ura, shi ma maimaici ne, tun 5.4 ita ke buga nata.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne layin IRQF_SHARED, wato layin da ake rabawa. Nan direba, manhajar da ke sarrafa na'ura, yana karanta rajistar na'urarsa, in katsewar ba tasa ba ce ya mayar da IRQ_NONE, wato "ba tawa ba ce". Wannan ba tsohon yayi ba ne, kada ka taɓa shi. Ka cire shi, direba zai riƙa amsa kiran da ba nasa ba, ya makantar da kanel. Ita kuwa ƙirga take yi: idan 99,900 cikin katsewa 100,000 suka wuce ba mai su, sai ta rufe layin. Ba IRQ_NONE, ba ƙirga, injin ya yi ta juyi har ya sandare.

Mayar da spin_lock_irqsave, makullin da ke rufe katsewa, zuwa spin_lock, wanda ba ya rufe ta, shi ma sai da lura. Duba ko akwai wani wurin da ke kiran aikin daga wajen katsewa.

Wajen gwaji, kunna CONFIG_DEBUG_SHIRQ da CONFIG_PROVE_LOCKING, ka tayar da kanel da zaɓin threadirqs, ka sa ido kan /proc/interrupts. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke da kwamfuta ɗaya tal, ku fara da QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta; in wuta ta ɗauke a nan Maradi ana tsakar girka kanel, sai da tsohuwar kanel za ku tayar da kwamfutar, don haka kada ku goge ta. Amma QEMU ba ta maye gurbin na'urar gaske.

Gyara ɗaya, faci (patch) ɗaya, da lambar canjin (commit) da ya kashe binciken a cikin bayani. Bi da shi ta checkpatch.pl, get_maintainer.pl ya faɗa maka wanda za ka aika wa.