Yadda Ake Karɓar Yaran Unguwa a Darasin Yamma na Coci

Da farko, a riga yaran isowa. Wajen ƙarfe biyu suke tashi daga makaranta, su zo a galabaice, don haka a shimfiɗa tabarmi a inuwa, a cika randa.

Sai a rubuta sunan kowane yaro da na wanda zai zo ɗaukarsa. Wannan kam kada a yi sakaci da shi. Har 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi suna zuwa, amana iyayensu suka ba mu.

Kafin a buɗe littafi, a raba musu ƙosai ko gyaɗa, domin mai jin yunwa ba ya riƙe karatu.

Daga nan a zauna kan aikin da malamansu suka ba su, manya su taimaki ƙanana.

A sallame su tun kafin magariba.