Ga ƙannena masu zuwa Legas karatun harkokin tsaro

Duk shekara sai na ga yaranmu sun sauko Legas da takardar digiri na biyu ko na uku, wannan zai nazarci tsaron ƙasa da ƙasa, wancan zai bi yadda tsoro da ƙiyayya ke juya mutum a siyasa, kuma kowa ya faɗa ramin da na faɗa.

Wurin karatu ba ya ɓuya. Jami'ar Legas tana Akoka, Jami'ar Jihar Legas (LASU) tana Ojo, cibiyar nazarin harkokin ƙasa da ƙasa ta Najeriya (NIIA) da aka kafa a 1961 tana titin Kofo Abayomi a Victoria Island, da ɗakin karatunta. Ka je ka zauna, shi ke nan.

Gida ne ya sha ni. Wani dillali ya nuna mini hoton ɗaki a Bariga ta waya, na tura masa kuɗin da na tara shekara biyu ina koyarwa a Zariya. Na iso da jakata da kwalin littattafai, na tarar da wata mata tana shanya a ƙofar ɗakin, wai wata bakwai tana ciki. Wayarsa a kashe har yau. Don Allah kada ka biya sisi sai ƙafarka ta taka ɗakin, ka ga mai gida ido da ido, a ba ka rasit. Bayan haya akwai la'adar dillali, da kuɗin yarjejeniya, da na ajiya ko za ka ɓata wani abu. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, amma za a ce ka kawo biyu. Abin da ke ɓata mini rai, ana faɗa muku ku ce ai kun yi boko, ba mai cutarku.

Wanda ya rufa mini asiri wani dattijo ne mai sayar da goro a Agege. Ya sa hularsa ya raka ni wurin wani mai gida da ya ji sunana ya ɗaure fuska, dattijon ya yi masa Yarbanci tiryan-tiryan, ya tsaya mini.

Daga baya mai gidan ya ba ni labarin daren da ya kwashe 'ya'yansa a rikicin Hausawa da Yarbawa na unguwar Idi-Araba a 2002, hannunsa na rawa. Hirar da na fara rubutawa a littafin bincikena ke nan, bayan na nemi izininsa.