Zarnin fitsarin kare a kafet: kurakuran da ke hana shi fita

Duk wanda ya taɓa rainon kwikwiyo ya san labarin. An kawo shi don ya girma ya yi gadin gida, yara suka mai da shi abokin wasa, wata rana ya sulale falo ya tsuguna a kan kafet. Aka wanke wurin da omo, aka fesa turare, aka ce magana ta ƙare. Ta kuwa ƙare, har ranar da hadarin farko ya haɗo. Iska na ɗaukar laima, sai ga zarni ya tashi kamar jiya-jiya aka yi fitsarin.

Ba wani abin mamaki ba ne. Fitsari ba ruwa ne zalla ba, yana ɗauke da yuriya, da yurik asid, da gishiri iri-iri. Ƙwayoyin bakteriya suna cin yuriyar su mai da ita amoniya, ita ce ke yi wa hanci yaji. Sauran kuma idan ya bushe sai ya maƙale a zaren kafet, kuma yurik asid ba ya narkewa da sauƙi a ruwa. Da hunturu iska a bushe take, shi ya sa ake zaton an rabu da shi. Da damina gishirin ya ja danshi, asiri ya tonu. Kusan duk kuskuren da ake yi daga wuri ɗaya yake fitowa: ana wanke saman kafet, alhali abin yana ƙasa.

Kuskure na farko a minti biyar na farko ake yin sa, wato dirza. Hannu na ɗaukar tsumma ko buroshi sai ya hau gogewa da ƙarfi. Dirzar nan tura fitsarin take yi cikin gindin zare, ta kuma faɗaɗa wurin, abin da bai wuce tafin hannu ba ya koma faɗin faranti. Abin da ake so shi ne a tsane, ba a goge ba. A ninka tsohon tawul ko farin tsumma mai shan ruwa, a ɗora, a hau kai da takalmi a danna da nauyin jiki, a canza wani busasshe, a yi ta yi har tsumman ya daina ɗaukar komai. Daga gefe ake farawa a nufi tsakiya. A sa safar hannu ta roba, domin fitsarin kare na iya ɗauke da ƙwayar cutar leptosfira, wadda ke shiga ta rauni ko tsagar fata.

Mai bi masa shi ne kwarara ruwa bokiti guda. Wasu ma da kyakkyawar niyya suke yi, suna tuna hadisin balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a masallaci aka umurci a zuba guga na ruwa a wurin. Amma can ƙasa ce, ita ke shanye ruwan ta tafi da shi. Kafet ba ya tafiya da komai. Ruwan zai ɗebi fitsarin ya ratsa da shi zuwa soson da ke ƙasa, daga nan zuwa siminti, ya kwanta. Bayan kwana biyu an sami wari biyu, zarni da funfuna. Ruwa kaɗan-kaɗan ake zubawa, kamar kofi ɗaya, a tsane shi tas, a sake zubawa, a sake tsanewa, sau uku ko huɗu. Idan kuma senta kafet ce ko darduma da za a iya naɗewa, to an huta: a fita da ita tsakar gida, a rataye ko a jingine ta yadda ruwan zai ratsa ya zube ƙasa, a yi ta kwarara har ya fito garau.

Ruwan kuma mai sanyi. Tafasasshen ruwa, ko injin wanki mai tururi, ko dutsen guga da wasu ke ɗorawa don wurin ya bushe da wuri, duk suna ƙara kama tabon da warin a jikin zare.

Yanzu ga wanda ya fi haɗari, kuma shi aka fi yi a gidajenmu: bilic. Mun saba duk abin da ya yi ƙazanta a ɗauko Hypo ko Jik. A kan fitsari kada a kuskura. Bilic idan ya haɗu da amoniya yana fitar da iskar kuloramin, mai sa tari da ƙunar ido da sarƙewar numfashi, balle a falon da tagoginsa ke rufe, ga yara, ga mai asma. Idan aka haɗa shi da khal (ruwan tsamin nan da ake kira binega) kuma iskar kulorin ce ke tashi, ita ma guba ce. Bayan haka zai cinye launin kafet ya bar farin tabo da ba ya gyaruwa, idan na ulu ne ma zaren kansa zai lalace. Haka nan ruwan goge gilashi da duk wani abin wanki mai amoniya a ciki, a ajiye shi gefe. Ga hancin kare, warin amoniya warin fitsari ne, kamar an kafa masa alama an ce nan ne makewayi.

Izal da Dettol suna kashe ƙwayoyi, amma ba sa narkar da abin da ya bushe a zare, warinsu ne kawai ke danne zarnin na ɗan lokaci. Mai kyanwa a gida ma ya yi hattara da su, domin suna cutar da ita idan ta taka ta lashi ƙafa.

Turaren wuta da humra kuwa, ban ga laifin uwargida ba, gida mai ƙamshi abin so ne. Sai dai ƙamshi a kan zarni wani wari na uku yake haifarwa, wanda baƙo ke ji tun daga bakin ƙofa, masu gida kuwa hancinsu ya riga ya saba. Kare ma ba ya ruɗuwa. A bari sai an gama aikin, sannan a kunna kasko.

To me ke aiki? Idan fitsarin sabo ne, bayan an tsane, a haɗa farin khal da ruwa rabi da rabi, a jiƙa wurin, a bar shi minti 10, a tsane. Khal tsami ne, yana kashe kaifin amoniya. Idan wurin ya kusa bushewa sai a barbaɗa bekin soda da yawa, a bar shi ya kwana, da safe a share ko a zuƙe da injin shara. A nan ma akwai kuskuren da bidiyoyin intanet suka yaɗa: a zuba khal da soda lokaci guda, a ga kumfa na tashi a ce aiki na ci. Kumfar nan alama ce ta ɗaya ya kashe ɗaya, abin da ya rage bai fi ruwan gishiri ba. Ɗaya bayan ɗaya ake yi. Kanwa kuma ba ta maye gurbin soda, ta fi shi kaifi, tana iya ɓata launi.

Tsohon fitsari, wanda ya yi makonni, khal ba ya gama masa. Nan ne ake buƙatar ruwan wanki mai enzayim, wanda ake samu a shagunan kayan dabbobi. Shi ba danne wari yake ba, farfasa abin da ke kawo warin yake yi. Mutane da yawa sun saya sun ce bai yi ba, kuma idan ka bincika yawanci gaggawa ce ta ci su. Sun fesa a sama-sama, sun goge nan take. Enzayim sai ya taɓa fitsarin yake aiki, kuma sai wurin na jiƙe. Saboda haka a zuba shi ya ratsa har inda fitsarin ya kai, a wuce gefen tabon da kamar faɗin tafin hannu, tunda a ƙasa ya fi faɗi. A bar shi gwargwadon lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar, a rufe da leda ko jiƙaƙƙen tawul don kada ya bushe da wuri, musamman da hunturu. Idan an riga an sa omo ko Dettol a wurin, a fara ɗauraye su, domin suna iya raunana shi. Sau da yawa sai an maimaita sau biyu ko uku. Kowane abu za a sa, a fara gwada shi a lungun da ba a gani.

Omo kansa ba laifi ba ne, yawansa ne laifi. Kumfar da ba ta fita ba tana bushewa ta yi danƙo, ƙura ta maƙale, bayan wata guda wurin ya fi ko'ina duhu.

Ga wanda ke sallah a ɗakin, akwai abin lura. Fitsarin kare najasa ne, kuma a mazhabar Malikiyya da tsarkakken ruwa zalla ake gusar da najasa. Khal da enzayim na maganin wari ne, don haka a rufe aikin da ɗauraya da ruwa tsantsa, a tsane.

Akwai kuma wanda ya yi komai daidai, zarni bai tafi ba, don bai ɗaga kafet ya leƙa ba. Soso idan ya sha fitsari sau da yawa ba ya wankuwa, a yanke wurin a sa sabo. Siminti ma yana sha, sai a wanke shi da enzayim ɗin, a bar shi ya bushe ƙarau kafin a mayar da kafet. Tayil bai cika riƙewa ba, sai dai layukan da ke tsakaninsa. Wani lokaci kuma ba wurin da ake wankewa ne ke warin ba. A kashe fitila da dare a haska da tocila mai hasken ultrabayolet, irin ta duba kuɗin jabu, busasshen fitsari zai nuna kansa, a zagaye shi da alli.

Shanya ma ana yi mata gaggawa. Kada a mayar da kujera ko a shimfiɗa wani abu a kai sai ya bushe har ƙasa. A buɗe tagogi, a juyo fanka, a cusa wani abu a ƙarƙashi don iska ta ratsa. Wanda za a iya fitarwa rana, a kife shi bayansa na kallon sama don kada launi ya koɗe.

Saura shi mai laifin. Dukansa ko cusa hancinsa a wurin ba ya koya masa komai sai tsoro, gobe bayan kujera zai je ya yi inda ba a gani. Kwikwiyo ɗan wata biyu ba ya iya riƙe fitsari fiye da kamar awa biyu, don haka a riƙa fitar da shi da zarar ya tashi barci, da bayan ya ci ko ya sha, a kuma rufe masa falo har sai ya saba. Babban karen da bai taɓa yi a ɗaki ba ya fara kwatsam, musamman idan yana yawan shan ruwa, ko yana yunƙuri fitsarin na fita kaɗan-kaɗan, ko da jini a ciki, a kai shi wurin likitan dabbobi a duba mafitsara da ƙoda da ciwon suga.