Yadda za ka bi sawun kalmar "ƙafa" a harsunan Turkawa har ka kai ga kakarta

Toh, duk wanda ya taɓa sayen takalmi a Istanbul ya ji ana cewa ayakkabı, wannan ayak ɗin na farko shi ne ƙafa. Kakarta kuwa masana suna rubuta ta *hadak ko *adak, kuma wannan ɗan tauraron da ke gabanta ba ado ba ne, yana nufin ba wanda ya taɓa ganin kalmar a rubuce a wancan zamanin, daga jikokinta aka gano ta. Kai ma za ka iya, da biro da takarda kawai.

Fara jera jikokin, wato yadda harsunan dangin Turkanci ke faɗinta yau. Turkiyya ayak, Azarbaijan da Kazak da Tatar ayaq, Uzbek oyoq. In ka tsaya nan za ka rantse da y aka haife ta, nan ne mutane da yawa ke ɓata, don yawan baki ba shi ne hujja ba. Sai ka leƙa na can gefe: Yakut na Siberiya suna cewa atax, Hakas da Tuba, su ma na Siberiya, azax da adak (wajen Tuba ta koma nufin ƙasan abu), su kuma Cubash na bakin kogin Bolga ura, wanda wallahi in ba a faɗa maka ba ba za ka ce danginsu ɗaya ba.

Yanzu duba harafin tsakiya kaɗai: y, t, z, d, r. Wane sauti ne zai iya haifar da duka biyar ɗin? D ne, mai ɗan laushi. Kamar dai yadda Bakano ke cewa zauna, Basakkwace ya ce zamna, ka gane m ɗin ce tsohuwa.

Amma kar ka yarda da kalma ɗaya tal, gwada da wata. Ɗauki wutsiya: Turkiyya kuyruk, Yakut kuturuk, Tuba kuduruk, Hakas xuzurux, Cubash xüre. Ka ga layin bai canza ba ko, kowa ya maimaita harafinsa.

Sannan ka nemi shaidar tsofaffin rubutu. Tsohon Turkanci irin na duwatsun Orhon a Mongoliya, na ƙarni na 8, waɗanda masanin harsuna Vilhelm Thomsen ya warware rubutunsu a 1893, adaq yake da ita. Wanda ya fi burge ni shi ne Mahmud al-Kashgari, da ya fara ƙamus ɗinsa Diwan Lugat at-Turk da Larabci a 1072, tun lokacin ya lura wasu ƙabilu na maida wannan d ɗin zuwa y, wasu kamar Bulgar da Suwar na cewa azaq, wato aikin da muke yi yau shi ya riga mu da shekara kusan dubu.

H ɗin farko fa? Daga Halaj ta fito, wani ɗan ƙaramin harshe a tsakiyar Iran da masanin harsuna Gerhard Doerfer da mutanensa suka bincika tun daga 1968, su har yanzu hadaq suke cewa.

Tarko ɗaya: akwai wata ayaq a tsohon Turkanci mai nufin ƙoƙon sha, ita da y take tun asali. In ka ci karo da ita kar ka saka ta a layin ƙafa, ware mata takardarta daban.