Yadda ake jera gwanayen damben boksin ba tare da duba nauyi ba

Idan za ka haɗa jerin manyan 'yan dambe, fara da cire maganar girman jiki daga ranka. Ajin nauyi 17 aka saba da su a damben maza na ƙwararru, to tambayar ita ce da a ce duk nauyinsu ɗaya, wa zai ci wa?

Abu na farko duba su wa mutum ya doke, ba sau nawa ya yi nasara ba. Wani za ka ga bai taɓa faɗuwa ba amma duk marasa ƙarfi aka riƙa jero masa, wannan ni ba na sa shi a lissafi gaskiya.

Sai kambu. Manyan hukumomin da ke ba da kambun huɗu ne, WBA, WBC, IBF da WBO, wanda ya tattara duka huɗun a aji ɗaya ya yi abin a zo a gani, balle ya ƙara nauyi ya sake maimaitawa. Oleksandr Usyk na Yukren ya tattara huɗun a 2018, sannan ya haura ajin manya ya doke Tyson Fury a Riyad a 2024, mutumin da ya fi shi tsawo da ƙiba nesa ba kusa ba. Shi ma Inoue na Japan, da bai wuce kilo 55 da ɗoriya ba, ya haɗa huɗun a aji biyu, 2022 da 2023.

Kuma kar suna ya ruɗe ka, wasannin shekara biyun nan za ka kalla, zagaye bayan zagaye, ka ga wa ke sarrafa fili, wa ke shan naushi. Wanda ya yi ritaya cire shi, ko da kuwa shahararren ɗan damben Amurka Mayweather ne.