Yadda Ake Kwana a Tanti a Gandun Dajin Pigeon River da ke Michigan

Duk lokacin da na gaya wa 'yan uwa mazauna Amurka cewa zan tafi daji in kwana biyu a tanti, tambayar farko ita ce, me ka rasa a gida? Ban taɓa ganin laifin tambayar ba. A wurinmu kwanan daji na mafarauta ne da makiyaya da wanda tafiya ta yanke masa. Amma wanda ya shekara yana fita aiki da duhu ya dawo da duhu, ƙarar motoci ba ta barin kunnensa ko a cikin barci, ya san akwai gajiyar da katifa ba ta maganinta. Shiru take nema. Shirun nan kuwa akwai shi a arewacin jihar Michigan, a gandun dajin gwamnatin jiha da ake kira Pigeon River Country, mai faɗin eka sama da 100,000. Ga yadda ake zuwa, a kwana, a taka dajin, a dawo lafiya.

Mataki na farko: san irin wurin da za ka

Akwai bambanci tsakanin wuraren shaƙatawa na jiha, inda ake samun wutar lantarki da banɗakin wanka da jerin manyan motocin kwana, da kuma sansanonin gandun daji. Na gandun daji ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da za ka tarar shi ne fili mai ɗaukar tanti da mota, tebur na katako, murhun ƙarfe a ƙasa, masai irin na rami, da famfon tuƙa-tuƙa. Shi ke nan. Rashin kayan more rayuwar nan shi ne ke korar hayaniya, don haka kada ka ɗauke shi naƙasu.

Wanda zai fara, ina ba shi shawarar sansanin Pigeon Bridge. Ƙarami ne, filin kwana 10 kacal gare shi, yana bakin kogin Pigeon, kuma daga cikinsa hanyar ƙafa ta Shingle Mill Pathway ta tashi. Daga Detroit za ka bi babbar hanyar I-75 zuwa arewa, tafiyar kamar awa huɗu, ka wuce Gaylord, ka sauka a ƙauyen Vanderbilt, sannan ka yi gabas a titin Sturgeon Valley kimanin mil 11. Idan ka tarar ya cika, akwai sansanin Pigeon River da na tafkin Pickerel a cikin dajin, ba su da nisa.

Mataki na biyu: zaɓi lokaci

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Ƙarshen Mayu da watan Yuni dajin ya yi kore shar, amma lokacin sauro ne da wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo a bayan kunne da wuya. Yuli da Agusta akwai ɗumi, akwai kuma mutane, musamman ƙarshen mako. Ni dai Satumba nake so. Ƙwari sun ragu, yara sun koma makaranta, ganyaye sun fara sauya launi, kuma a watan ne mazan elk ke kuka. Elk wata babbar dabba ce dangin barewa, girmanta ya kusa na doki, namijin yana da ƙaho mai rassa. Sun taɓa ƙarewa ƙaf a jihar, sai a 1918 aka kawo guda 7 aka sake su kusa da garin Wolverine, garken yau jikokinsu ne. Kukan namijin yana farawa ne kamar gurnani ya ƙare da siririn fito mai tsawo. Ranar da na fara jinsa, da asuba ne ina alwala, na tsaya da buta a hannu har ruwan ya zube ban sani ba.

Ka guji 15 zuwa 30 ga Nuwamba, lokacin farautar barewa da bindiga ne a duk jihar. Ko a sauran kwanakin kaka ma ana wasu nau'o'in farauta, don haka ka sa riga ko hula mai ruwan lemo mai haske idan za ka shiga daji.

Sannan ka yi ƙoƙarin isa ranar Talata ko Laraba. Mafi yawan sansanonin nan ba a kama wuri tun daga gida, wanda ya riga zuwa shi ke da fili. Wanda ya iso Juma'a da yamma a tsakiyar bazara zai iya zagaye sansani uku bai sami wurin kafa tanti ba.

Mataki na uku: takardu da kuɗi

Motarka na bukatar izinin shiga da ake kira Recreation Passport. Mazaunin Michigan yakan saye shi lokacin sabunta lambar mota, baƙo daga wata jiha kuma zai iya sayen na yini ko na shekara. Kuɗin kwana daban ne, kuma babu ma'aikaci a ƙofa. Akwai allo da ambulan: ka cika sunanka da lambar fili da yawan kwanaki, ka sa kuɗin, ka jefa cikin bututun ƙarfe, ka maƙala ɓangaren takardar a sandar filinka. Saboda haka ka taho da canji, babu mai ba ka. Kuma ka biya ko da ba ka ga kowa ba. Amana ce aka bar maka, da kuɗin ne ake gyara famfon da za ka sha.

Mataki na huɗu: haɗa kaya

Tanti, da leda mai kauri ta shimfiɗawa a ƙarƙashinsa. Jakar barci mai ɗumi. Abin da aka fi mantawa shi ne 'yar katifar da ke raba ka da ƙasa, alhali sanyin da ke hana barci daga ƙasa yake tasowa. Karo na farko da na je, barguna biyu na ɗauka da darduma, ina ganin sun isa. Wajen ƙarfe uku na dare na farka haƙorana na haɗuwa, sai a mota na ƙarasa kwanan. A Satumba sanyin dare a can yakan kai kusa da daskarewar ruwa, ko da rana ta yi zafi. Ka taho da hular sanyi, safa mai kauri ta barci kawai, da rigar ruwa.

Sauran: tocila, an fi son mai ɗaurawa a goshi don hannu ya sami sakewa, ashana cikin leda, ƙaramin murhun gas, tukunya ɗaya, jarka, buta, takardar masai, maganin sauro, akwatin agajin gaggawa, da ledar shara. Abinci ka sauƙaƙa. Shayi da burodi da ƙwai da safe, taliya ko dafa-duka da dare, kilishi da dabino da gyaɗa a aljihu don hanya. Naman halal ka saye shi tun daga Detroit ko Dearborn ka sa a kula da ƙanƙara, domin ba abu ne da za ka dogara da samunsa a ƙauyukan arewa ba.

Itacen wuta kuwa kada ka ɗauko daga gida. A 2002 aka gano wani koren ƙwaro mai huda bishiya a yankin Detroit, ya kashe miliyoyin bishiyoyi, kuma cikin itacen wuta da mutane ke yawo da shi ya fi yaɗuwa. Ka saya a kusa da dajin, za ka ga ana sayarwa ɗauri-ɗauri a bakin hanya.

Kafin ka bar Gaylord ka cika tankin mota, ka sauke taswira a waya, ka kuma gaya wa wani inda za ka da ranar da za ka dawo. Sabis ɗin waya a cikin dajin ba abin dogaro ba ne.

Mataki na biyar: kafa tanti

Ka isa da sauran rana, aƙalla awa biyu kafin faɗuwarta. Zagaya sansanin a hankali kafin ka zaɓa. Nemi wuri mai ɗan tudu inda ruwan sama ba zai kwanta ba, ɗaga kai ka duba ko akwai busasshen reshe a samanka, kuma kada ka maƙale wa masai ko famfo, nan ne kowa ke wucewa. Share tsakuwa da 'ya'yan bishiya, shimfiɗa leda, ka naɗe gefenta ciki kada ta leƙo, in ba haka ba ita za ta tara ruwa ta kai maka ƙarƙashin gado. Kafa turaku a karkace, ja igiyoyi su yi tauri, ka sa rufin saman ko da sama ta yi garau.

Daga nan ka gano alƙibla tun da haske. Daga Michigan arewa maso gabas take, abin da ke ba sabon zuwa mamaki. Ka rubuta lokutan salla a takarda tun daga gida, domin a tsakiyar bazara rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, asuba kuma tana yi da wuri ƙwarai. Ruwan famfon yana da sanyi kamar na randar da ta kwana a waje cikin hunturu. Ɗan ɗumama shi a tukunya kafin alwalar asuba ba almubazzaranci ba ne.

Mataki na shida: shiga daji

Shingle Mill Pathway zagaye-zagaye ce, wani cikin wani. Akwai gajeru biyu da ba su wuce mil ɗaya da 'yan kai ba, masu kyau ga yara da dattawa, sannan na mil 6, da na 10, da na 11. Ranar farko ka ɗauki na mil 6. Na mil 11 yini guda ne, ka tashi da sassafe da ruwa lita biyu ko fiye, da takalmin da ƙafarka ta saba da shi, ba sabo ba.

Hanyar tana da alamun shuɗin fenti a jikin bishiyoyi, a mahaɗa kuma akwai sanduna masu lamba da taswira. Ƙa'idar ɗaya ce: idan ka yi tafiyar minti biyar ba ka ga shuɗi ba, tsaya, koma inda ka ga na ƙarshe. Kada ka yanke ta cikin daji kana cewa ai kogin na can. Bishiyoyin kamarsu ɗaya, kuma wanda ya saba da sararin ƙasarmu, inda ake hango kuka daga nesa a gane gari, nan ba zai hangi komai ba sai kututture bayan kututture. A wani sashe hanyar tana haɗuwa da High Country Pathway, wadda zagayenta ya kai kimanin mil 80, don haka ka karanta lambar sanda da kyau kafin ka juya.

Ka tafi a hankali. Za ka bi gefen kogin inda ruwan ke gudu a kan tsakuwa, garai-garai har kana ganin inuwar kifi. Za ka ratsa fadama mai duhu da ƙanshin itacen sida, ƙasa na lotsawa a ƙarƙashin ƙafa. A dogon zagayen akwai ƙananan tafkuna masu zurfi da suka samu sakamakon ruftawar dutsen ƙarƙashin ƙasa, kewayayyu kamar ƙwarya, ruwansu kore-shuɗi. Wani wurin kuma za ka ga dogayen bishiyoyi a jere kamar sahun salla. Shuka su aka yi. A ƙarshen ƙarni na 19 masu katako sun sare dajin nan kusan kaf, gobara ta cinye sauran. A 1919 jihar ta mayar da shi gandun daji, a shekarun 1930 kuma matasan da gwamnatin tarayya ta ɗauka aiki lokacin karayar tattalin arziki suka dasa bishiyoyi masu yawa. Duk sanda na tsaya cikin inuwarsu sai in tuna dazuzzukanmu da gatari ya cinye, in ji a raina cewa su ma za su iya dawowa idan aka dage.

Abu biyu ka kiyaye. Akwai wata ciyawa mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje idan ta taɓa fata, ka nemi hotonta ka gane ta kafin ka je, ka sa dogon wando. Sai kaska. Cusa ƙafar wando cikin safa, da ka dawo ka duba jikinka, bayan gwiwa da hammata da ƙugu da cikin gashi, domin wasu na ɗauke da cutar Lyme. Idan ka ga ta maƙale, kama ta da hantsaki daf da fata ka ja a miƙe, kada ka ƙona ta ko ka shafa mata mai. Zazzaɓi ko jan tabo mai faɗaɗa bayan kwanaki, sai asibiti.

Idan Allah ya haɗa ka da elk, tsaya daga nesa ka kalla. An fi ganinsu da sassafe ko gab da magariba a bakin filayen ciyawa.

Mataki na bakwai: dare

Akwai baƙar dabbar beyar a dajin, wata ƙatuwar dabba mai yawan gashi da manyan farata. Ba kasafai take kusantar mutane ba, ƙanshin abinci ne ke jawo ta, ita da ƙananan dabbobi masu ɓarna. Saboda haka bayan cin abinci, wanke tukunya nesa da kogi da famfo, kwashe komai mai ƙanshi, har man goge baki da sabulu da shara, ka kulle a mota. Ko dabino ɗaya kada ya kwana a tanti. Murhun gas ma ba a kunna shi cikin tanti komai sanyi, hayaƙinsa marar wari yana kisa.

Wuta a cikin murhun ƙarfen kawai ake hura ta, kuma ƙarama ta isa. Ka rage murya, ka bar rediyo da lasifika a gida, sauti yana tafiya nesa a bakin ruwa, maƙwabcinka kuwa abin da ya kawo ka shi ya kawo shi. In za ka kwanta, zuba wa wutar ruwa, motsa tokar da sanda, ƙara zubawa, har sai ka kai bayan hannunka kusa ba ka ji ɗumi ba. Sannan kashe tocila ka ba idonka minti goma, ka ɗaga kai. Taurarin da ka bari a tsakar gidan kakarka suna nan.

Mataki na ƙarshe: tashi

Bari rana ta busar da raɓar da ke kan tanti kafin ka naɗe. Idan dole ka naɗe shi jiƙe, ka shanya shi ranar da ka isa gida, in ba haka ba zai yi fumfuna. Bi filin taku-taku ka tsince komai, har guntun leda da marfin kwalba da wani ya bari kafin kai, cire takardarka daga jikin sanda, ragowar itacen kuma ka jera shi gefen murhu don mai zuwa bayanka. A hanyar komawa Vanderbilt ka tuƙa a hankali, musamman da sassafe, barewa kan faɗo titi ba sallama, kuma idan ɗaya ta tsallaka, ka jira, akwai wata a bayanta.